Jerin sunayen iyayen marayu ya fita daga hannunmu: yaya ake rufe takardun ƙungiya a Google Drive?

Sabon Sakatare, Tudun Wada

Assalamu alaikum, jama'a. Ina neman shawarar masu ilimin kwamfuta da kuma waɗanda suka taɓa riƙe takardun ƙungiya, domin abin da ya same mu ya fi ƙarfin ɗan sanin da nake da shi. Ni ne sakataren wata ƙaramar ƙungiyar tallafa wa marayu a nan Tudun Wada, kuma ban cika wata huɗu da karɓar aikin ba. Shekara uku ke nan da ƙungiyar ta ajiye babban littafin rajista ta koma Google Drive, wato wurin ajiyar takardu na Google a intanet, inda muke da folda guda wadda ta ƙunshi jerin gidajen da muke kai wa hatsi kafin azumi, da lissafin shiga da fita, da hotunan rasit. A cikin jerin akwai sunan kowace uwa, da layin da gidanta yake, da lambar wayarta, da yawan 'ya'yan da aka bar mata, da lambar asusunta na banki, har wasu ma an rubuta musu lambar NIN saboda wani mai ba da tallafi ya taɓa neman haka.

Makon jiya, bayan sallar isha'i, ɗaya daga cikin iyayen ta aiko babban ɗanta wurina. Wani mutum ne ya kira ta a waya, ya ambaci sunanta da na marigayin mijinta, ya faɗi cewa yaranta biyar ne, sannan ya ce daga ƙungiyarmu yake kuma za a tura mata kuɗi, amma sai ta karanta masa lambobin da ke jikin katinta na cirar kuɗi tare da lambar da banki zai aiko mata ta saƙo. Allah ya taimaka katin yana aljihun yaron, shi kuma ya ƙi bayarwa. Da na koma gida na buɗe takardar, sai na ga a can sama, wurin da hotunan masu karatu suke fitowa, akwai zagaye uku masu hoton dabbobi babu sunan kowa, alhali ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce kuma na tabbata babu ɗan kwamiti ko ɗaya da yake aiki a lokacin. Da na bi diddigi sai na tarar an taɓa saka mahaɗin takardar, wato link ɗin da ake dannawa a buɗe ta, a zauren WhatsApp na 'yan sa kai lokacin rabon azumin bara, zauren da ke da mutum fiye da tamanin, wasunsu ma ba mu san su ba.

Wata matsalar kuma ita ce tsohon sakatarenmu ne ya buɗe foldar da imel ɗinsa na kansa, kuma an yi masa canjin wurin aiki zuwa wata jiha. Mutumin kirki ne, ba na zarginsa da komai, amma yanzu takardun ƙungiya suna ƙarƙashin sunan wanda ba ya gari. Yaya zan rufe wannan ƙofa tun kafin a cuci wata? Yaya mallakar takardun za ta dawo hannun ƙungiya? Kuma wace hanya za mu bi 'yan kwamiti bakwai da masu rabon kaya su ci gaba da aiki ba tare da kowa yana ganin komai ba?

Mai Gyaran Kwamfuta, Kawo

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya ƙara tsarewa, ya yi wa wannan yaro albarka. Dabbobin nan da ka gani ba cuta ba ce ta shiga kwamfutarka. Haka Google yake nuna mutanen da suka buɗe takarda ta hanyar mahaɗi ba tare da an gayyace su da sunansu ba, kuma fitowarsu shaida ce cewa an saita takardar a kan izinin duk wanda yake da mahaɗi. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan zaɓi kamar wasiƙa ce suka aika wa mutum guda, alhali ya fi kama da mukullin da aka bari a hannun mai yankan mukullai: wanda ya samu zai ba maƙwabcinsa, maƙwabcin ya ba wani, ƙofar kuwa ba ta tambayar sunan mai shiga.

Ba sai ka jira tsohon sakatare ba kafin ka toshe ta. Idan kana iya rubutu a cikin takardar, to matsayin mai gyara gare ka, kuma a yadda Google ya tsara tun asali mai gyara yana iya sauya izini matuƙar mai takardar bai hana ba. Ka danna maɓallin rabawa, ka duba ƙasa wurin izinin gama-gari, ka mayar da shi kan taƙaitacce, wato sai waɗanda aka rubuta imel ɗinsu kaɗai. Ka fara da foldar, domin duk abin da ke cikinta yana gadon izinin da aka ba ta, sannan ka bi takardun ɗaya bayan ɗaya, saboda ana iya buɗe takarda ita kaɗai ko da foldar tana rufe. Daga wannan lokaci, wanda ya danna tsohon mahaɗin da ke yawo a WhatsApp zai tarar da shafin neman izini. Buƙatun za su fara shigowa, wasu daga mutanen da ake jin nauyinsu, kuma a nan ne yawancin mutane suke sake buɗe abin da suka rufe saboda kunya.

Bayan haka ka karanta jerin mutanen da aka ba izini da suna, ka cire duk wanda ya bar kwamiti. Matsayi uku ake bayarwa: mai kallo, mai sharhi da mai gyara. Mai gyara yana iya sharewa, yana iya ganin tarihin duk sauye-sauyen da aka taɓa yi, yana kuma iya shigo da wanda ya ga dama, don haka a ganina kai da ma'aji kun isa a wannan matsayi, sauran biyar ɗin kallo ya wadace su.

Abubuwa biyu ne kawai sai tsohon sakataren ya sa hannu. Na farko, a cikin akwatin rabawa akwai wata 'yar alama mai haƙora kamar giyar keke, inda mai takarda zai hana masu gyara ƙara mutane, ya kuma hana masu kallo saukewa da bugawa da kwafa. Na biyu shi ne miƙa mallaka: zai zaɓi sunan wanda za a ba, shi kuma sai ya amince kafin ta koma gare shi. Ka lura cewa miƙa folda ba ya miƙa takardun da ke cikinta, dole a bi su su ma, kuma idan da imel ɗin wurin aikinsa ya buɗe, ba za a iya miƙa su kai tsaye zuwa asusun Gmail na kowa da kowa ba, sai dai ka yi kwafi, domin wanda ya yi kwafi shi ne mai sabuwar takardar. Kada ka ɗauki wannan da wasa don mutumin kirki ne. Gigabait 15 ɗin da Google yake bayarwa kyauta a haɗe suke tsakanin imel da hotuna da Drive, kuma takardunku a kan rabonsa ake lissafa su. Ranar da wurinsa ya cika ya fara share tsofaffin kaya, abin da ya jefa kwandon shara kwana 30 yake yi ya ɓace.

Kada kuma ka ga kamar ku kaɗai ne. A 2018 an gano cewa ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya sun bar allunan aikinsu na manhajar tsara ayyuka ta Trello da wasu takardun Google a buɗe, har da kalmomin sirri a ciki, ba don wani ya fasa musu tsaro ba sai don kuskuren saiti irin wannan. Sai dai magana zarar bunu ce: duk abin da na faɗa zai hana sabon baƙo shiga, amma ba zai dawo da abin da aka riga aka sauke ko aka ɗauki hotonsa ba.

Ma'ajin Ƙungiyar Mata, Unguwar Rimi

Malam Sakatare, sannu da wannan jarrabawa. Abin da Malam na Kawo ya faɗa daidai ne, ka yi shi a daren yau, amma ni a ganina ba a wurin saiti ciwon yake ba. Ciwon shi ne kun zuba komai a tukunya ɗaya. Matashin da zai ɗauki buhun gero a kan babur ya kai layin Kosai, me zai yi da lambar asusun bazawara ko NIN ɗinta? Sunan gida da layi da yawan mudu ko buhu su ne buƙatarsa. Muddin takarda ɗaya ce take ɗauke da duka, to duk wanda ka ba izinin kallo don ƙaramin aiki ka ba shi asirin gidaje baki ɗaya.

Na faɗi haka ne domin mun taɓa ƙonewa. A ƙungiyarmu ta adashe da rance na ɓoye shafin da ke nuna masu bashi, na raba takardar ina ganin na yi dabara, ashe wanda ya kwafi takardar yana iya fito da ɓoyayyen shafin a nasa kwafin. 'Yar wata mamba ce ta nuna mini, tana dariya, a wayarta. Na biyo baya na share shafin gaba ɗaya, sai aka ce mini duk mai izinin gyara zai iya komawa tarihin takardar ya ga yadda take a watan jiya. Tun daga nan na daina kwaskwarima a tsohuwar takarda. Sabbi nake buɗewa, in kwashe abin da ake bukata kawai in zuba, tsohuwar kuma in janye ta daga hannun kowa. Lambobin banki suna takarda dabam wadda ni da shugaba kaɗai muke buɗewa, kuma a rahoton da muke kai wa masu ba da gudummawa babu suna ko ɗaya, lamba muke ba kowace mace.

Akwai kuma abin da masu ilimin kwamfuta sukan manta, Malam na Kawo ka yi mini afuwa. Taƙaita izini yana aiki ne ga wanda ya san imel ɗinsa. Da yawa daga cikin 'yan sa kai yaron da ya sayar musu da waya ne ya buɗe musu Gmail a tsaye a kasuwa, ba su san adireshin ba balle kalmar sirrin. Ranar rabo, ana cikin rana da hayaniya, mota ta iso da kaya, mutum goma za su ce takarda ta ƙi buɗewa, sai wani mai gaggawa ya mayar da ita yadda take a da. Ni shawarata ita ce a buga wa kowane mai rabo takardar layinsa kawai, ya sa hannu ya karɓa, ya dawo da ita da yamma a yage. Tsohon yayi ne, amma takardar da ke aljihu ba ta shiga zauren mutum tamanin.

Kuma ƙanena, kada ka tsaya ga rufe takarda ka bar matan nan cikin duhu. Ku bi su gida gida, zai fi kyau mata su je, a gaya musu cewa ƙungiya ba za ta taɓa neman lambar kati ko lambar da banki ya turo ba. Mace ta yarda an rubuta sunanta ne don a rufa mata asiri, wata ma dangin mijinta ba su san tana karɓar tallafi ba.

Lauya, Malali

Malam Sakatare, zan ƙara abu guda daga ɓangaren doka, domin ƙungiyoyin unguwa sukan ɗauka cewa dokar bayanai ta bankuna ce da kamfanonin waya. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrinsa da na gidansa da na wasiƙunsa da maganganunsa na waya. A 2019 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai, sannan a watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Daga cikin abin da dokar ta keɓe akwai bayanan da mutum yake riƙewa don harkar kansa ko ta gidansa kawai. Ƙungiyar da ta tattara sunaye da lambobin mutane ta kuma yanke yadda za a yi amfani da su ta wuce wannan iyaka, ko da sadaka take yi.

Shawarar Hajiya ta raba takardu ta yi daidai da abin da dokar take nema, wato kada a karɓi bayanin da ya wuce buƙatar aikin, kada kuma a ci gaba da riƙe shi bayan buƙatar ta wuce. Lambobin NIN ɗin nan da aka karɓa saboda mai tallafi guda, idan harkarsa ta ƙare, ban ga hujjar ajiye su ba. Bayanan yara suna bukatar yardar iyaye ko waliyyi, kuma idan a jerin naku an rubuta rashin lafiyar wani, wannan yana cikin bayanan da dokar ta fi tsananta kariya a kansu. Game da abin da ya riga ya faru, dokar ta ce idan ɓallewar bayanai tana iya jefa masu su cikin haɗari, a sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 daga lokacin da aka gano, idan haɗarin babba ne kuma a sanar da mutanen da abin ya shafa ba tare da jinkiri ba, cikin harshen da za su fahimta. Tun da har an kira wata an nemi lambar katinta, ba za a ce haɗarin zato ba ne. Wa'adin ya wuce ku, amma jinkirin da aka bayyana dalilinsa ya fi shiru. Ka kai maganar gaban kwamiti, a rubuta a littafin taro ranar da aka gano da matakin da aka ɗauka, kada ka ɗauki nauyin kai kaɗai.

Sabon Sakatare, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na rufe foldar da takardu goma sha ɗaya a daren jiya, kuma kafin asuba buƙatun neman izini huɗu sun shigo, biyu daga adiresoshin da babu wanda ya gane su. Na kira tsohon sakatare, ya yi ta salati, ya kuma yi alkawarin miƙa komai ranar Asabar. Hajiya, ranki ya daɗe, matan kwamiti sun fara zagayen gidaje yau. Barista, shugaba ya kira taron gaggawa bayan sallar Juma'a. Saura tambaya ɗaya ga Malam na Kawo: idan aka miƙa takardun zuwa imel ɗina, to gobe ni ma in na bar aikin an koma gidan jiya. Wasu sun ce mu buɗe imel ɗaya da sunan ƙungiya mu raba kalmar sirrin ga mu bakwai. Hakan ya dace?

Mai Gyaran Kwamfuta, Kawo

Hajiya, na karɓi gyara, maganar masu imel ɗin kasuwa gaskiya ce, kullum ina fama da su a shago. Malam Sakatare, rabin shawarar da aka ba ka tana da kyau. Ku buɗe asusu da sunan ƙungiya ya zama shi ne mai takardun, amma kada ku raba kalmar sirrinsa ga mutum bakwai. Idan kowa da asusu ɗaya yake shiga, tarihin takarda suna ɗaya zai riƙa nunawa, ranar da wani adadi ya canza a lissafi ba za a san hannun wa ba ne, kuma zargi zai faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Asusun ƙungiya ya zauna a hannun mutum biyu, kowa kuma ya yi aikinsa na yau da kullum da nasa imel ɗin a matsayin da aka ba shi. Masu biyan kuɗin Google Workspace, wato tsarin Google na kamfanoni da ƙungiyoyi, suna da rumbun haɗaka wanda takardun cikinsa na ƙungiya ne ba na wani mutum ba, amma ƙaramar ƙungiya irin taku za ta iya tafiya da wannan tsarin ba tare da ta kashe ko sisi ba.

Ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu a asusun, wato neman ƙarin shaida, kamar lambar da ake turowa waya, bayan kalmar sirri, ku kuma yi tunani a kan layin wayar da za ku ɗaura masa. Layin da aka jefa a durowa ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yakan karɓe shi ya sayar wa wani, daga nan saƙon dawo da asusunku wayar baƙo zai riƙa zuwa. Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace ana amfani da ita sau ɗaya. Ku buga su a takarda, a sa a ambulan a liƙe, a ajiye inda ake ajiye takardun banki na ƙungiya. Ku riƙa shiga asusun lokaci lokaci, domin tun Disambar 2023 Google yana iya share asusun da ya yi shekara biyu ba a taɓa shi ba. Duk ranar da aka yi sabon zaɓe, canza kalmar sirri da cire tsofaffin sunaye su shiga cikin takardar miƙa aiki, kamar yadda ake miƙa hatimi da littafin ceki.

Abu na ƙarshe daga abin da nake gani da idona: idan za ku buga takardun layi-layi da Hajiya ta ambata a shagon buga takardu, kada ku shiga asusun ƙungiya a kwamfutar shago. Sau da yawa nakan zauna in tarar da imel ɗin wani a buɗe tun safe, foldar saukewa kuma cike da takardun mutane. Ka fitar da shafin da za a buga kawai a matsayin PDF, ka tsaya a kai har a gama, ka sa a share shi a gabanka har daga kwandon shara. Ranar Asabar kuwa ka ce wa tsohon sakataren ya zauna gaban kwamfuta maimakon waya, kai ma kana kan layi, ku bi takardun goma sha ɗaya ɗaya bayan ɗaya, kana amsar kowace kana duba cewa sunan ƙungiya ne ya fito a matsayin mai ita kafin ku wuce ta gaba.